Katin da Ba Shi da Magani

Sannunku da haƙuri, 'yan uwa masu karatu. Wata a cikinku ta rubuto wai ina ja muku rai, in faɗi sunan wanda na aura kawai kowa ya huta. Yarinya, ni rani biyu na yi ina jiran amsar nan, ke ba za ki mutu ba don kin jira shafi ɗaya. Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, sunana Lois, ɗiyar Yaƙubu mai wanki a wani asibitin mishan da ke ƙasar Madawa. Abin da nake ba ku labari ya faru tun zamanin da saƙo ke zuwa a bakin direba ko a cikin kaset, ba da jimawa ba bayan an karya darajar kuɗin sefa.

Dole in fara da wasan, don in ba ku gane shi ba, za ku ɗauka hauka ce ta sa budurwa mai hankalinta ta zauna jiran guntun kwali.

Fastonmu ya hana karta. Ya ce belot ƙanwar caca ce, in ƙanwa ta shigo gida to yayar tana bakin ƙofa. Mu kuwa matasan unguwar ma'aikata, in an tashi sujada ran Lahadi an ci abinci, ba mu da abin yi sai kallon awaki. Sai Nehemiya, ɗan mai bishara, mai gyaran rediyo, wanda bakinsa bai taɓa sanin hutu ba, ya ce to mu ƙirƙiri namu, wanda ba sarki ba sarauniya, ba kuma abin da za a ce an ci wa wani. Ni a farmasi nake aiki, ni ke buɗe kwalayen magani, kuma cikin kwalin fari ne tas. Na riƙa yanka su da almakashi daidai tafin hannu, in zana hoto da bik, wato biro, ja da shuɗi, a ƙasa in rubuta aikin katin. Muka sa wa wasan suna Cika-Rumbu. Mutum biyu ke zama a kan tabarma, kowa da daminsa, don haka muke kiran kati in an ɗaure su da zare. Wanda ya riga cika rumbunsa shi ya ci.

Kowane dami da halinsa. Damin Manomi jan ƙafa gare shi, sai ka yi ta noma abokin wasanka yana yi maka dariya, amma in ka kai kaka ba mai kama ka. Na Makiyayi ba ya zama wuri ɗaya, ya ɗan lashi gefen gonar mutum ya wuce, tsoronsa ɗaya rijiya ta ƙafe. Mata suka ce an manta da su, suka kawo Damin 'Yar Kasuwa, wanda aikinsa musaya, ki ba mutum albasa ki karɓe masa saniya yana yi miki godiya. Sai wanda Nehemiya ya gina shi kaɗai, yana ji da shi kamar ɗan fari, wato Damin Ɗan Ci-rani. Shi katinsa kifa shi ake yi a wajen tabarma, a ce ya tafi Kurmi, wato ƙasashen kudu na bakin teku. Duk zagayen da ya yi a waje yana ƙara nauyi, ran da mai shi ya sa katin Mota ya dawo da shi, sai ya juye a rumbu ninki biyu.

A gindin bedi, bishiyar dogon-yaro da ke bakin ƙofar asibiti, muke shimfiɗa tabarma, kuma wasan bai daɗe a hannunmu mu kaɗai ba. Masu jinya da suka kawo marasa lafiya daga Karofane da Azarori, suna zaman jiran sallama, suka fara tsugunawa suna kallo. Daga kallo sai gardama, daga gardama sai kowa ya ce shi ma yana da kati. Wani tsoho daga ƙasar Keita ya kawo Zaizaya mai cinye gona. Wani ya kawo Hari, ya ce kakansa ya ba shi labarin yadda mutanen arewa kan zo bisa raƙuma su kwashe hatsi. Kirista da Musulmi, ba wanda aka hana.

Baba Gado mai gadin ƙofa, dattijo Musulmi mai carbi da kaifin harshe, shi ne alƙalin tabarma, kuma shi ya kafa dokar da ta riƙe wasan. Ya ce nan gidan magani ne, don haka ba katin da zai shiga dami sai da maganinsa, kuma wanda ya kawo cuta ba shi zai kawo magani ba, sai wani. Sannan a gwada su biyun a kan tabarma gaban kowa. Zaizaya aka yi mata Jeren Duwatsu. Hari aka yi masa Hawa Dutse. Da aka kawo Fara, Cima mai tuyar ƙosai ta ce maganinta Kasko, a soya ta a sayar, aka yi ta dariya har Baba Gado ya share ido da bakin rawaninsa. Katin da bai samu magani ba tukuna, a cikin wani tsohon gwangwanin madara yake ajiye shi.

To a nan ni da Nehemiya muka yi zancenmu. Bai taɓa tsayuwa a ƙofar gidanmu da yamma kamar samarin mutane ba. Shi dai ya kawo cuta, ni in kwana in tashi da magani. Ya kawo Ɓarawon Zangarniya, na kawo Kare. Ya kawo Gobara, na kawo Maƙwabta, ya dube ni ya ce ashe dai akwai kai a ƙarƙashin kallabin nan. A ƙasan kowane kati nakan rubuta sunan mai shi da ƙananan baƙaƙe, in ka baza dami sai ka ga nasa da nawa suna bin juna. Mutane suka fara ce mana cuta da magani. Ina yin kamar na ji haushi, alhali daɗi ne ke neman kashe ni.

Da sefa ta faɗi, kayan gyaran rediyo suka fi ƙarfin mai gyara da mai rediyon. Bayan kaka Nehemiya ya ce zai bi samarin ƙasar Adar zuwa Abijan. Lahadinsa ta ƙarshe ya zo da wata riga mai layi-layi, ya miƙo guntun kwali da ya rubuta da rubutunsa mai kama da sawun kaza: Sai Na Dawo. Ya bayyana aikinsa. A kifa shi wajen tabarma yana ƙara nauyi kamar 'yan uwansa, amma shi muddin yana waje wasa ba ya ƙarewa, ko da rumbun abokin wasanka ya cika ya tumbatsa. Aka yi masa caa, aka ce wannan ai zalunci ne, mutum sai ya tsufa a zaune. Baba Gado ya buɗe gwangwani ya jefa shi.

Nehemiya ya dube ni gaban kowa ya ce, "Ku bar shi nan. Lois ta san aikinta."

Ke nan. Ku da kuke jira in ce ya je wurin Baba mahaifina, ko ya aiko kawunsa da goro, ko ya ja ni gefe ya faɗi wata magana mai nauyi, ku daina jira. Abin da ya bar mini ke nan. Ni na ɗauke shi alkawari, kuma duk wanda ke gindin bedi ranar nan haka ya ɗauke shi. Shi ya sa ba wanda ya taɓa gwada kawo maganin katin, an bar mini abina.

Na kuwa gwada, Allah ya sani. Na kawo Saƙon Uwa, wanda ke tilasta wa duk katin da ke waje ya dawo nan take. Aka gwada, sai ga shi ya kashe Damin Ɗan Ci-rani gaba ɗaya, ba mai marmarin sake ɗaukarsa. Baba Gado ya ce maganin da ke kashe majinyaci ba magani ba ne. Na kawo Kewar Gida, na ce katin da ya daɗe a waje ya fara rage nauyi. Nauyin ya ragu, amma wasan bai ƙare ba, mai cikakken rumbu yana nan zaune yana hamma. Duk dabarar da na yi, kiran katin nake ya dawo. Ban taɓa tunanin wata hanya ba, don ba na son wata hanya.

Da ruwa ya matso, 'yan ci-rani suka dawo kamar yadda aka saba, rediyo a kafaɗa, agogo a hannu, ban da Nehemiya. An ce wataƙila ya biyo motar ƙarshe, motar ƙarshe ta zo da kaset. Aka sa a gindin bedi. Ya ba da labarin teku da gidaje masu hawa, ya tsokani Baba Gado, ya kawo shawarar sababbin kati, sai can ƙarshe ya ce a gaida mai magani. Na ari kaset ɗin na kai gida, na yi ta mai da shi baya kan kalmomin nan har pil, wato batirin rediyo, ya mutu. Dela ƙanwata ta ce in na tsinke zaren ita ba ruwanta.

Kaɗaici a cikin mutane ya fi na daji ciwo, wannan da jikina na san shi. Mu Kirista a ƙasar nan ba mu da yawa, samarin da yarinya za ta duba ana iya jera su a benci ɗaya. Ƙawayen da muka yi baftisma tare duk sun koma bencin zumuntar mata, da zanensu iri ɗaya da goyonsu. Ni ina bencin 'yan mata, a tsakanin yaran da na goya. Matar fasto in tana addu'a takan sa “waɗanda ke jiran nufin Ubangiji”, kowa ya ce amin ido a rufe, ni kuwa na san akwai masu leƙo ni da ido ɗaya. Da yamma in zauna gefen tabarma da almakashi da bik ina zana wa mutane katinsu. Kowa ya zo sai ya ce Lois ki ƙara wa saniyata ƙaho, ba mai cewa Lois yaya zuciyarki.

In na koma gida, ga ɗakinmu ni da Dela: gadon ƙarfe ɗaya, akwatin kwano, kalandar mishan da ta wuce shekararta, sai kwanonin aure da Inna ta tara mana a kusurwa ta lulluɓe da tsohon zane. Jere biyu ne. Na Dela ba zai motsa ba sai nawa ya motsa, don Inna ta ce a gidanta ƙanwa ba ta tsallake yayarta. Dela kuwa tana da malaminta na lakkwal, wato makarantar boko, a Azarori, ya shirya tun bara. Ba ta taɓa yi mini gori ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Sai dai in ji ta tana goge kwanoninta tana rera waƙar sujada ƙasa-ƙasa.

Ana cikin haka sai ga Yoshuwa. Anfirmiye ne, wato nas, mai kula da waɗanda aka yi wa aiki, mutumin Babankatami, dogo siriri, mai guge farar rigarsa har aljihu, mai magana kamar sayar masa da kalmomin ake yi. Ya daɗe yana zuwa gindin bedi ya zauna a bayan mutane, bai taɓa ɗaukar dami ba. Ni da Dela muna ce masa Turmi, don inda aka aje shi nan za a tarar da shi. Kafin Kirsimeti ya aiko kawunsa wurin Baba yadda ake yi, da goro da ladabi. Baba ya ce sai ya ji daga bakin yarinya. Yarinya kuwa ta ce tana tunani, ta yi ta tunani har Ista ta wuce, bazara ta kama.

Wata Asabar Inna tana tankaɗen gari, ni ina yankan kwali a inuwar rumbu, ta yi magana ba ta ɗago kai ba.

"Ni ban yi maki tilas, ubanki ma bai yi. Amma ki dibi ƙanwarki. Wancan kwali yab bar maki, wanga goro yak kawo. Mi za ni ce ma mutane?"

Na ce ta ƙara mini lokaci. Ta ce lokaci ba nata ba ne balle ta ƙara, ta ci gaba da tankaɗenta.

Washegari a gindin bedi, zafi har ganye ba ya motsi, ana tsakiyar gardama kan wani sabon kati wai shi Raƙumi, masu Damin Manomi suna cewa ya yi ƙarfi da yawa, sai muka ji murya daga baya.

"Baba Gado, ina da maganin katin da ke cikin gwangwani."

Yoshuwa ne. Idanu suka juyo kaina, ba kansa ba. Baba Gado ya ja carbi, ya ce doka cewa ta yi wani ya kawo magani, ba ta ambaci suna ba, don haka ya faɗa a ji. Yoshuwa ya faɗa a hankali yana kallon yatsunsa. Sunan katin Ruwan Shuka. Ba ya taɓa katin da ke waje, ba ya kiransa, ba ya rage masa komai. In an sa shi, mai katin waje yana da zagaye ɗaya ya dawo da abinsa in yana da Mota. In ya dawo, da shi za a yi. In bai dawo ba, a duba abin da ke kan tabarma, wasa ya ƙare.

"Ruwa in ya zuba ba a jiran na hanya," in ji shi. "Wanda ke gida shi ka shuka."

Raina ya ɓaci, kuma abin da ya ɓata shi shi ne katin ya yi. Ni da na zana kowane kati a wasan nan, ji ɗaya nake yi in san mai kyau. Bai kashe damin Nehemiya ba, ya bar masa ƙofa, ya kuma tashi mai zama daga zaman banza. Baba Gado ya ce za a gwada Lahadi mai zuwa, ya juyo ya ce in zana, don hannu ɗaya ke zana kati tun farkon wasan. Na ce to.

Ran Talata Yoshuwa ya zo tagar farmasi karɓar maganin majinyatansa. Ban amsa gaisuwarsa da kyau ba, na tambaye shi wa ya aike shi shiga abin da ba nasa ba. Ya ce ba kowa. Ya ce yana yaro ubansa ya tafi ci-rani, ya bar sallahu kada a taɓa gonarsa, shi zai zo ya shuka. Uwarsa ta tsare maganar, ruwa ya zuba ta hana kowa shiga gonar, shekarar nan ganye suka ci. Da wata damina ta zagayo ita ta ɗauki sungumi da kanta.

"Ba don in ƙure ki niy yi ba," ya ce. "Na dai gaji da ganin ki zaune."

Ya ɗauki farantin maganinsa ya tafi. Ni kuwa na koma buɗe kwalayena.

Ran Alhamis motocin 'yan ci-rani suka fara isowa. Manzo, abokin tafiyar Nehemiya, ya zo tagar da baƙin tabarau da ƙamshin turaren birni, ya ajiye mini ƙunshi. Alƙaluma ne masu launi, kore da rawaya da ruwan goro, irin waɗanda ban taɓa riƙewa ba. Daɗi ya kama ni, na san Nehemiya ne ya aiko. Na tambayi lafiyar mutumin, ya ce lafiya lau, yana tsaron shagon wani, har ya koya wa 'yan Adar na can Cika-Rumbu.

"Yac ce in tambaye ki, katinai na nan cikin gwangwani?"

"Shina nan. Shi hwa, yaushe?"

"Wataƙila shi biyo motar ƙarshe, in mai shago ya sake shi."

"Ya ba ka saƙo wurin Baba?"

Manzo ya gyara tabarau, ya ce a'a, wannan kam bai ba shi ba.

Da alƙaluman nan na zana katin Yoshuwa. Ku ce mini mara kunya in kuna so, amma ba zan zana lokacin damina da bik ja ba alhali ga kore a hannuna. Asabar da la'asar na zauna a inuwar rumbu, na zana mace da sungumi a hannu, ƙwaryar iri a gefe, diddigenta a kan rami, hadari a bayanta. Na so in sa mutum can nesa a kan hanya, har na ɗora alƙalami, sai na fasa, don katin bai ce akwai shi ba. A ƙasa na rubuta Yoshuwa, karon farko da sunan ya fito daga hannuna. Ban taɓa zana kati mai kyau kamarsa ba, kuma ban taɓa jin ni kaɗai ce a duniya kamar yammacin nan ba. Dela ta leƙo ta kafaɗata ta ce matar ta yi kama da ni, na ce ta je ta duba tukunya.

Ran Lahadi na ɗaura atamfata mai shuɗin ganye wadda nake ajiya don Kirsimeti, ban san don wa ba. Gindin bedi ya cika, har matan da ba su taɓa zuwa ba sun zo da goyonsu, Dela tana tsaye a bayansu tana cizon bakin kallabi. Al'adar gwaji ita ce mai cuta ya riƙe daminsa, mai magani ya riƙe nasa. Mai cuta yana Abijan, sai Baba Gado ya tambaya wa ya fi sanin damin Nehemiya. Kowa ya san ni ce. Ya miƙo mini shi tare da katin gwangwani, ya kuma ja mana kunne cewa gwaji ba a yin sa da kara, kowa ya yi iyakar ƙarfinsa.

Yoshuwa ya ɗauki Damin Manomi. Ya yi kuskure aka gyara masa, ya sake yin wani aka yi dariya, amma damin nan yana yafe wa mai haƙuri. Ni na kifa Sai Na Dawo a kan rairayi wajen tabarma, na ci gaba da jan wasa. Rumbunsa ya yi ta hawa har ya kusa baki, nawa yana rabi. Sai na ga ya ja kati ya tsaya, na san kore ya gani. Ya daɗe yana riƙe da shi har Baba Gado ya ce yaro, rana tana tafiya. Ya ɗago ya dube ni, ya yi magana yadda ni kaɗai zan ji, ko da yake kowa ya ji.

"In ba ki so, sai in maishe shi cikin dami. Ba wasa niz zaka ci ba."

Na ce, "Aza shi."

Ya aza. Zagaye ɗaya gare ni. Na duba hannuna, ga Mota nan, tun farkon wasa nake riƙe da ita. Na sa ta, na miƙa hannu wajen tabarma na ɗauko katin Nehemiya, na kakkaɓe masa rairayi, na juye shi a rumbu. Ya cika har ya zuba, na ci wasan.

Baba Gado ya ce gwaji ya yi. Aikin magani ba ya ba mai shi nasara ba ne, aikinsa wasa ya ƙare, ga shi kuwa ya ƙare, don haka kati biyun sun shiga dami daga yau. Amma ba wanda ke saurarensa. Mutanenmu sun saba karanta zuciya a kan tabarmar nan, ni da Nehemiya muka koya musu, saboda haka kowa ya ɗauka amsa na bayar. Mata suka fara gyara goyo suna watsewa. Dela ta juya ta kama hanyar gida ba ta jira ni ba. Yoshuwa ya ɗaure daminsa da zare a tsanake, ya miƙa wa Baba Gado, ya ce mini, "Barka. Ai ya dawo." Ba ɗaci a muryarsa, kuma wannan ya fi mini zagi zafi.

Ina zaune da katin a hannu ina jujjuya shi. Ya dawo, gaskiya ne, amma hannun wa ya dawo da shi? Ni na kifa shi, ni na riƙe masa Mota, ni na miƙa na ɗauko shi na kakkaɓe. Rani biyu haka nake yi, ni ke tafiyar, ni ke dawowar, ni ke amsa wa kaina sallama. Mutumin da ya aiko a tambaya ko katinsa na nan bai aiko a tambaya ko ni ina nan ba.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Na tarar da Inna tana kwasar tuwo, Dela tana ɗaki ta juya fuska bango, Baba yana kan kujerarsa yana gyaran takalmin da ba abin da ya same shi. Inna ta ce ta ji, ba komai, gobe za a je a ba kawun Yoshuwa haƙuri, kada a riƙe ɗan mutane.

"Kar a ba shi haƙuri, Inna. A ce masu su zaka ran da anka yi ruwan shuka."

Ta aje mara ta dube ni sosai, irin kallon da take yi wa hatsi kafin ta saya.

"In wancan ya riga ruwa hwa?"

"In ya riga ruwa, ya san ƙohwar gidan Baba. Ba gindin bedi za shi iske ni ba."

Baba ya sa takalminsa, ya fita wajen kawun. Na ji gadon ƙarfe ya yi ƙara, Dela ta juyo. Ni na zauna na cinye tuwon nan tas, ban ji ɗanɗanonsa ba.

Daga ranar kowa a gidanmu ya koma kallon gabas. Motoci suna ta isowa ɗaya bayan ɗaya, kowace ta sauke nata ta wuce, Manzo ya ce saura ta ƙarshe, tana hanya. Ran Laraba da azahar ina buɗe kwali a farmasi, sai iska ta juya, ta kawo ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa daga wajen Buza. Na leƙa taga, gabas ta haɗe baƙi ƙirin, masu jinya suna ta kwasar shanya. Yoshuwa ya fito baranda da farantinsa, ya dubi sama, bai dube ni ba. Daidai nan kuma na ji babbar mota daga kan titi, direba yana danna oda mai tsawo, irin wadda suke yi in sun kawo 'yan gida. Na tsaya da almakashi a hannu, na buɗe baki in yi addu'a, sai na tarar ban san wanne zan roƙa ya riga isowa ba.

Motar ba ta gama tsayawa ba, ɗigon farko ya buga rufin kwano. Ga amsarki, yarinya: wanda ke gida shi ka shuka.